Kusurwar Ƙofar Inna

Gidan da na tashi a Bromakote, cikin Adjame ta birnin Abidjan, gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da ƙofofi huɗu suna kallon juna. Ɗaya ta Baba da Umma da mu yara, ɗaya ta Tanti Akisi mai sayar da acheke, wato dambun rogo, ɗaya ta Tonton Drisa tela, ta huɗun kuma wani ɗan ɗaki ne a lungu inda kakata Inna Yalwa take, wadda ta haifi Baba. A tsakiya akwai mangwaro, kuma a gindinsa Inna take wuni, domin ɗakinta na kwano ne, da rana ko kaza ba ta iya zama a ciki.

Da an idar da magariba sai ta jawo murhun gawayi gabanta, ta ɗora butar shayi, yaran gidan mu kewaye ta. Har da 'ya'yan Tanti da na Tonton, waɗanda ba su jin Hausa sai "sannu" da "zo ka ci". Ni ne tafinta. Inna ta faɗi, ni in juya da Faransanci, in na rasa kalma in cusa ta yaren Jula. Ba ta jin Faransancin, amma ta san in na yi ƙari, sai ta doke ni da mafici.

"Mijin nan nawa, ba cefane sai surutu. Abin da na faɗa guntu ne, ina ka samo wannan jelar?"

Tatsuniyarta ma ba ta buɗe ta yadda ake yi a gida. Cewa take, "Ga ta nan, yanzu ta sauko daga gbaka," wato ƙananan motocin hayan nan da ke cika titin Adjame. Mu kuma mu ce, "A ba ta tabarma ta zauna."

Ina da shekara tara mai gidan ya aiko aka sare mangwaron, wai saiwarsa tana fasa masa gini. Wuni ɗaya aka gama da shi. Washegari tsakar gida ta zama fili fetal, siminti yana ƙuna tun hantsi. Inna ta rasa wurin zama. Ta shiga ɗaki zafi ya koro ta, ta fito rana ta koro ta. Cikin mako biyu ta faɗa, idanunta suka zurma. Daman ƙanenta da ke Bakori ya daɗe yana aiko mata da saƙo ta dawo gida ta huta. Wata rana na ji ta ce wa Baba, ba da faɗa ba, "Sule, ni ba ƙadangaruwa ba ce. In babu inuwa a gidan nan, ka sa ni a mota."

Ban san inda Bakori take ba, na dai san wanda ya tafi can sai a kaset ake jin muryarsa.

Baba mahauci ne, dogo, mai son a ce aikinsa ya fita. Ran Lahadi ya tafi Treichville, wajen masu sayar da tsofaffin tamfol na manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa. A nan bash ake ce masa. Ya zaɓo wani kore mai kauri, ya sa aka yanka masa daidai faɗin tsakar gida, aka buga masa zobban ƙarfe a kusurwoyi huɗu. Ya haɗo da igiyar roba da ƙugiyoyi. Ya nemi izinin Tanti da Tonton zai kafa ƙugiya a bangon kowa, suka ce ai su ma gaba ta kai su.

Ya hau tsani da zare a hannu yana gwadawa, kada wata ƙugiya ta ɗara wata ko da yatsa ɗaya. Inna tana kallonsa daga bakin ƙofa.

"Sule, ka sassauto da kusurwa ɗaya."

"Haba Inna, rumfa a karkace? Masu wucewa su ce ban iya aiki ba?"

"Rumfar zana kake tunawa. Zana ruwa yana bi ta cikinta ya wuce. Wannan fa ba ta yoyo."

"Ai shi ya sa na saye ta," in ji Baba, ya ci gaba da ɗaure igiyarsa.

Gaskiya rumfar ta yi kyau. A miƙe sambal, ba ko tattara ɗaya, irin rumfunan da ya taso yana gani a ƙofar gidajen Bakori. Kwana huɗu Inna ta sha inuwa. A na biyar, wajen la'asar, ruwan Abidjan ya sauko irin wanda ba ya sallama. Muna leƙe ta taga muka ga tsakiyar tamfol ta fara saukowa, tana kumbura kamar tumbin sa. Tonton ya fito da sanda zai tokare, bai kai ba ƙugiyar bangon Tanti ta tumɓuke da guntun siminti. Ruwan da ya taru duka ya juye a kan manyan robobin acheke uku da ta shirya kaiwa kasuwa.

Tanti ta yi tsalle ta dire, ta faɗi abin da ke bakinta da yare uku. Baba ya ba da haƙuri, ya gyara mata bango, amma da aka zo maganar sake ɗaurawa sai aka cije. Yanzu kowa ya gane dole kusurwa ɗaya ta yi ƙasa ruwa ya sami hanya, kowa kuma ya gane ƙofar da kusurwar ta kalla ita za ta sha ruwan daminar duka. Tanti ta ce an jiƙa ta sau ɗaya, ya isa. Tonton ya ce yadin mutane ne a ɗakinsa. Baba ya ce shi ya je Treichville, shi ya ɗauko, shi ya hau tsani, ba zai kuma zama magudanar gida ba. Ƙofar Inna babu wanda ya ko ambata, tsohuwa ce mai ciwon gwiwa.

Aka naɗe tamfol aka jingine a bango. Gaisuwa ta ragu a gidan, ta koma ɗaga hannu. Inna kuwa ta fara wanke kwallayenta tana jera su cikin juna, ta aiki Umma ta tambayo ranar da motar Najeriya take tashi. Aka ce Asabar.

Ran Alhamis bayan magariba ta jawo murhunta kamar kullum. Ni ko shayin ban iya sha ba. Baba yana bakin ƙofarsa yana wasa wuƙaƙe, Tanti tana ɓare albasa, keken ɗinkin Tonton yana ta ƙara.

"Ga ta nan, yanzu ta sauko daga gbaka."

Muka ce a ba ta tabarma, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ce wata mata ce ta so yin rumfa da fatar sa, ta shiga daji ta saro dirkoki huɗu: Kirya da Marke da Maɗaci, da ɗan Kalgo wanda ta haɗa da shi don ba ta sami na huɗu ba. Ta kafa su, ta shimfiɗa fata a kansu. Da ta juya baya sai dirkokin suka fara miƙa wuya, kowa yana so a ce shi ne ya ɗauki rumfar. Har Kalgo ya yi ɗage don kada a raina shi. Ana haka Ruwa ya zo, ya sauka a kan fata, ya yi sallama, ya ce shi baƙo ne mai wucewa, ƙasa zai je, ta kan wa zai bi? Kirya ya ce shi ba a taka shi. Marke ya ce kakansa ma ba a taka shi ba. Maɗaci ya ce a tambayi na gaba. Ruwa ya ce to, bari ya zauna a tsakiya ya jira su gama shawara. Yana zaune 'yan'uwansa suna ta zuwa, fata tana nauyi, wuyan dirkoki ya fara ƙara.

A nan Inna ta tsaya ta zuba shayi, da gangan, ta bar mu da baki buɗe. Na lura keken Tonton ya yi shiru. Tanti kuma ta ce da 'yarta, da Faransanci, ta matsa kusa da ni ta ji da kyau.

Sai Kalgo ya ce, "Ni na gaji da ɗage. Malam Ruwa, bi ta kaina." Ya sauke dugadugansa, ya rage tsawo, Ruwa ya gangaro ta kansa ya shige ƙasa. Rumfa ta tsira. Duk daminar Kalgo a jiƙe yake, gansakuka ta rufe shi, sauran suna yi masa dariya suna ce masa bawan Ruwa. Da rani ya zo, su ukun suka bushe ƙayau, gara ta shiga cikinsu. Kalgo kuwa ƙafarsa tana cikin laima, sai ya yi saiwa, ya fid da ganye, ya koma itace mai rai. Matar ta zo ta ɗauke fatar ma gaba ɗaya, ta ce inuwar Kalgo ta ishe ta.

"Ƙurunƙus," in ji Inna, "ta koma tasha, gbaka ta cika ta bar ta."

Na gama juyawa, wannan karon ban ƙara ko kalma ba. Duk muka saci kallon Baba. Ni a raina na gama yanke cewa da shi take, yanzu kunya za ta kama shi ya ce a sauke ta ƙofarmu. Shi ma ina jin haka ya ɗauka, don ya ajiye wuƙa ya gyara murya. Inna ba ta bari ya buɗe baki ba.

"Sule, gobe in ka dawo kasuwa ka ɗaure tamfol ɗin nan. Kusurwar ƙofata za ka sauke, kamu biyu. Ka samo duro ka ajiye a ƙarƙashi."

"Inna, gwiwoyinki fa? Bari dai a sa ta wajena."

"Wajenka yara biyar ne ke kwana a ƙasa. Kuma in ka sa ta don kunya, duk ranar da aka yi ruwa sai ka harari Akisi. Ni nake son inuwar, ni zan karɓi baƙon."

Ta juya ta faɗa wa Tanti da Tonton haka da Julancinta mai karyayyen ƙafa. Tanti ta rufe baki da hannu, ta ce, "E, Mama."

Washegari mutum uku suka yi aikin. Baba a kan tsani, Tonton ya ƙara wa kusurwoyin ɗinki ninki biyu, Tanti ta kawo tsohon duron da take jiƙa rogo. Rumfa ta tashi a karkace, kamar hular da aka tura gefe, Baba yana kallonta yana girgiza kai. Asabar ta zo ta wuce. Inna ta warware kwallayenta, ta ce mini, "To, mijin banza, ka huta. Sakin bai yiwu ba."

Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a ƙarƙashin tamfol ɗin nan. Sau biyu ana sake shi, kullum kusurwar tana inda take. In ruwa ya sauko duro ya cika ya tumbatsa, sai ka gan ta da tsintsiya tana kore ruwa daga bakin ƙofa tana waƙa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, ni kuma da wautar yaro na ɗauka abin bai dame ta ba.

Sai bayan rasuwarta, da muka shiga kwashe kayan ɗakin, na gani. Ƙasan ƙofar ya ruɓe, ana taɓawa yana marmashewa. Bangon ciki ya yi kore har gwiwa. Gadonta a kan bulo bibbiyu yake, kwallayenta ma haka, kuma a ƙarƙashin gadon ga kwalaben man zafi, waɗanda babu komai a ciki, sun fi a ƙirga da ido. Baba ya tsaya yana kallo, sannan ya zauna a kan bulon nan ya yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba. A makon ya kwashe kayansa ya koma ɗakin, ya ce kada wanda ya taɓa kusurwar.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar. Kalgo ya yi ganye, ita kuwa ciwon gwiwa ta samu, sai na ce ashe ƙarshen nan don mu yara ta ƙara shi. Amma a shekarar da gari ya rikice da faɗan siyasa, famfo ya ɗauke kwana da kwanaki, fita ta gagara, duron nan na ƙofarta shi ya riƙe gidan. Tanti, wadda a lokacin ake ta zuga irinta 'yan ƙasa da irinmu baƙi su ƙi juna, ita ke tsayawa tana raba ruwan da moɗa, namu kafin nata. Ko da wasa ba ta cewa ruwan sama. Ruwan Mama take cewa.

Da ƙura ta lafa na kama haya a Treichville, ba nisa da babban masallaci, ni da matata Rabi. Tsakar gidan ba ko itace. Na sayo tamfol, na zamani mai kusurwa uku, mai sayarwa yana ta yi mini bayanin a sauke gefe ɗaya saboda ruwa, na bar shi ya gama don kada in katse masa hanzari. Ina kan tsani maƙwabtana biyu suka fito suka tsaya, kowa yana kallon igiyar hannuna yana kallon ƙofarsa. Rabi ta ɗago kai ta ce, "Wai ta ina za ka sauke?"

Na ce ta matsar da takalmanmu daga bakin ƙofa, ta samo mana bulo huɗu.