Ranar da Na Wanke Rijiyar Rinin Kawu Idi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Idi, ƙanen mahaifiyata, marini na ƙarshe a unguwarmu a Waca. Na gaji da jin ana cewa yadin kanti ne ya kashe sana'ar gidansa. Ni na kashe ta.

Rijiyar rini ɗaya ta rage masa. Ruwanta na toka ne da ganyen baba, mai kaifin da ke tsattsaga fatar hannu. Duk sanda zai haɗa sabon ruwa, sai ya bar lakar tsohon kaɗan a ƙasa, yadda ya ga ubansa na yi. Lokacin ina ma'aikacin tsafta a Magariya, ina ji da 'yar takardata.

"Kawu, wannan ai ƙazanta ce," in ji ni.

"Kai dai, ɗan nan. Uwar ruwan ke nan, tana da rai."

Ana gobe sadakar arba'in ɗinsa na ga baƙi za su cika gida, ga wari. Na sa aka kwashe lakar tas, na wanke rijiyar da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, har ina jiran a yi mini sannu. Ɗansa Sale ya haɗa sabon ruwa, ya yi mako biyu yana motsawa, kumfa ta ƙi tasowa. Sau uku yana gwadawa, zane na fitowa toka-toka. Daga nan ya koma kabu-kabu da babur.

Bara 'yata da ke karatun kimiyya a Damagaram ta ce mini akwai wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, ba sa rayuwa sai a ruwa mai kaifi irin na toka da kanwa, inda saura ke mutuwa. Su ke sa shuni ya kama zane. Ni kuwa an koya mini duk ƙwayar da ba a gani ta kashewa ce. Da Kawu na nan ba zai yi mamaki ba, muciyarsa kawai zai nema.

Na je na sami Sale a tasha, na ce zan nemo laka wurin marinan wani gari. Ya daɗe yana goge madubin babur.

"Yaya, ko ka samo, ba ta tsoho ba ce."

Rijiyar yanzu an cike ta da ƙasa, awaki ke kwana a kai. Mahaifiyata na da mayafi ɗaya na rininsa da ta hana a wanke. Har yau in ta yafa, sai ya bar mata shuɗi a wuya.