Tafin Ƙafar Baba Nomau

Duk wanda ya zauna a unguwar Nuzla ta birnin Jidda ya san Baba Nomau bai iya zama ba. Lokacin da yake aiki, kafin mutane su gama gaisawa a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, shi ya kai bakin titi yana leƙen motar kamfani, yana tsaki, sai ka ce leƙen ne zai jawo ta. Shayinsa ma a tsaye yake sha. Matarsa Aissa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya ci tuwo yana kallon kwano ba, kullum idonsa na kan ƙofa.

Inda motar ke kai shi wani fili ne a arewacin Jidda, cikin katangar gidajen ma'aikatan kamfanin. A can ake wasan zari-ruga, wasan nan da ƙato ke rungumar ƙwallo mai siffar gwanda ya sheƙa a guje, abokan hamayya su bi shi su kayar. Duk shekara idan zafi ya sassauta ana gasar 'yan bakwai-bakwai: mutum bakwai nan, bakwai can, wasa gajere, faɗuwa ba iyaka. Sunayen waɗanda suka ci kofi suna rubuce a bango. Na mutumin da ya sa suka faɗi suka tashi lafiya ne ba a rubuta ba, abin kuwa yana ci mana rai, mu 'yan wasan.

Nomau ya zo aikin Hajji daga Nijar a 1978, bai koma ba. Ya yi dako a kasuwar Bab Makka, ya yi wasan ɓuya da masu tambayar iƙama, wato takardar izinin zama, har kamfanin ya ɗauke shi ban ruwan shuke-shuke ya zama kafilinsa mai tsaya masa a wurin hukuma. Lokacin da aka fara gasar, 'yan ƙungiyoyi kaɗan ne, na injiniyoyin Turawa da ma'aikatan tashar jirgin ruwa, filin kuma rairayi ne zalla. Ƙasar wurin cike take da dutsen teku mai kaifi. A gasar farko wani saurayi ɗan Sudan mai suna Abdulghaffar ya faɗi, dutse ya tsaga masa gwiwa har ƙashi ya bayyana. Nomau ne ya goya shi zuwa mota.

Washegari, ba wanda ya sa shi, ya tuɓe takalmi ya shiga filin. Ya bi shi layi-layi yadda ake bin kunya a gona, yana jan tafin ƙafa a ƙasa. Inda abu ya soke shi sai ya durƙusa ya tono da wuƙa, ya jefa a gwangwani. Daga baya ya shuka ciyawa, amma ban ruwa yakan taso da duwatsun, sai ciyawar ta ɓoye su. Don haka bai daina ba. Da Abdulghaffar ya zama alƙalin wasa, sai ya kafa dokar da ba ta cikin littafin kowa: ba ya busa usur sai Nomau ya ɗaga gwangwaninsa sama. An taɓa matsa masa ya fara da wuri don baƙi daga Bahrain za su kama jirgi. Ya sa usur a aljihu, ya harɗe hannu, aka jira.

Shekarar da ma'aikatan jinya da malaman makaranta mata suka kafe sai an ba su nasu wasannin, ƙaramin filin baya aka fara ba su. An ce wa Nomau kada ya wahalar da kansa da shi.

"Don mi?" in ji shi. "Gwiwa ai gwiwa ce." Ya tuɓe takalmi ya bi na matan ma.

Kai ne, Baba Nomau, mai gani da ƙafa. Kai ne ka ga gasar nan tana rarrafe har ta miƙe, har ƙungiyoyin maza da mata suka riƙa zuwa daga ƙasashen maƙwabta, ba ka kuwa taɓa zama ka kalli wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ko ƙa'idar cin maki ba ka sani ba, ka ce ba ruwanka.

A 2012 ne 'yarsa Bashira ta ga jini a takalminsa. Ƙusa ce ya taka, ya wuni da ita bai ji ba. Ciwon sukari ya kashe masa jin ƙafa. Likita ya ce idan ya sake taka ƙasa ba takalmi, ƙaramin yanka zai iya jawo a yanke ƙafar. Gasa kuwa ta ƙarato. Ya kasa ci, ya kasa zama, yana safa da marwa a tsakar gida.

Ranar gasar Bashira ta biyo shi filin, don ta san halinsa. Ya zauna a benci, ya miƙe, ya sake zama. Can sai ta ga hannunsa ya sauka kan igiyar takalmi.

"Baba, halas, ya isa haka!" Ta riƙe masa hannu. "Wallahi idan ka cire shi, ni ma ba zan koma gida ba. Ƙafarka ce fa."

"Ɗiyata, hilin nan ba a ganin shi da ido. In wata yarinya ta faɗa kan dutse, mi zan ce ma uwarta?"

"To mi za ka ji da ƙafar? Ƙusa ma ba ka ji ba!"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta yi masa zafi. Amma bai saki igiyar ba.

Abdulghaffar, wanda yanzu ya yi furfura, yana tsaye kusa yana jin su. Ya zauna a ciyawa ya cire takalmansa da safa, ya nufi ƙarshen fili. Kyaftin ɗin wata ƙungiyar mata ta tambayi Bashira abin da ke faruwa, da ta ji, ita ma ta cire nata ta kira 'yan wasanta. Kafin a ce wani abu, 'yan wasa sun jeru daga wannan gefe zuwa wancan, kowa ƙafa tsirara.

Ka zaci tsohon zai fashe da kuka? Ina! Zumbur ya miƙe da takalminsa a ƙafa, ya bi bayansu da gwangwani yana faɗa. "Ku ja ƙafa, ba rawa aka ce ku yi ba! Kai dogo, ka tsallake wuri, dawo! Yalla, yalla!" Ƙartin nan suna ɗingishi suna miƙo masa duwatsu. Da suka kai ƙarshe ya girgiza gwangwanin, ya duba ciki, ya ɗaga shi sama. Sannan usur ya tashi.

Wannan ce gasarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aiki. Duk mai aikin da wasu ke dogaro da shi, ya dubi mutumin nan: ya bi nasa filin da kansa, ko ba a sa shi ba, ko ba a rubuta sunansa ba.

Baba Nomau, mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka ƙafafunka biyu. Mun san ko mun ce ka zauna ba za ka zauna ba. Abu ɗaya muke roƙo: ka bar takalmin a ƙafarka. Mu za mu tuɓe namu.