Littattafan da Fusae Ta Ɗinka

Kuramochi Fusae ta shiga gidan ɗinkin littattafai a unguwar Itabashi tana budurwa, ba ta fito ba sai da furfura. Aikinta ke nan: ta jera shafuka, ta ɗinke, ta shafa gam, ta ɗora bango. Duk littafin da ya bi ta hannunta ya kwanta mata a rai, sai ta roƙi maigidan kwafi ɗaya ta kai gida. Karantawa kuwa, ina lokaci? Miji ya rasu da wuri, ga ɗa, ga aikin da ba ya ƙarewa. Kullum zancenta, sai ta ajiye aiki.

To, ta ajiye aikin, idanu ma suka ajiye nasu. Ƙananan haruffa suka koma mata kamar tururuwa. Ta canza tabarau har ta gaji.

Ɗanta Norio ya kawo mata allon karatu na lantarki, irin wanda ake ƙara wa rubutu girma da yatsa. Ta juya shi gaba da baya, ta shinshina.

"Ba ya ƙanshin komai," ta ce.

"Mama, karatu za ku yi da shi ko miya?"

Ta gwada, kuma gaskiya tana gani tar. Sai dai littattafanta tsofaffi ne, ba wanda ya damu ya saka su a na'ura. Norio ya ce hanya ɗaya ce, wadda masu ƙananan ɗakuna ke bi: a datse ƙeyar littafi inda ɗinkin yake, a zura shafukan a injin ɗaukar hoto, su koma cikin allon. Wanda aka datse kuwa ya tashi daga littafi.

Fusae takan zauna gaban kantar littattafan da shayinta, ta zaro ɗaya, ta shafa bangon, ta ji nauyinsa, ta mayar. Abin yana cin ta. Ko ta bar su da kyansu ta mutu ba ta san abin da ke ciki ba, ko ta sani ta rasa su.

Daga ƙarshe ta ce wa Norio ya zo da injin yankan takarda. Ya ɗora littafin farko, wanda ta ɗinka tana koyon aiki, sai ta riƙe masa hannu.

"Kun fasa ne?"

"Matsa can. Ni na ɗinka."

Ta laluba da yatsa, ta daidaita, ta danna. Ta yi kuka, kuma ba ta ɓoye ba.

Da ta gama karanta shi a allon, Norio ya tambaye ta yaya ta ji.

"Shirme ne. Surutu ya yi wa marubucin yawa. Miƙo na kusa da shi."

Ƙeyoyin da ake datsewa ba ta zubar da ko ɗaya. Takan liƙa kowace a jikin ɗan kwali, ta tsayar da ita a gurbin littafinta. In ka tsaya daga bakin ƙofa, sai ka rantse ba a taɓa komai ba.