Amama da Ɓerayen Maamobi

Duk wanda ya taɓa cin waakye a bakin babbar kwatar unguwar Maamobi ya san Hajiya Amama. Tun tana budurwa take dafa shinkafa da waken nan, kuma tun lokacin take yaƙi da ɓeraye a ɗakin da take ajiye buhuna. Sojojinta kyanwoyi ne. Babbarsu wata baƙa ce mai suna Kwamanda, wadda take ci da ita a kwano ɗaya.

Ɗanta Basit malamin lissafi ne a jami'ar Legon. Ya yi shekaru yana bin 'yan kasuwa yana tambayar kyanwa nawa suke da ita, buhu nawa ɓera ya huda. Ya zuba duka a kwamfuta, ta zana masa layi biyu masu bin juna, na ɓera da na kyanwa. Ɓera ya yi yawa, kyanwa ta ƙoshi ta haihu. Kyanwoyi su yi yawa, ɓera ya ragu, sai yunwa ta watsa su.

Bara ɓeraye suka yi wa Amama taron dangi, har wake ya kusa ƙarewa. Basit ya zo ya nuna mata zanen.

"Maa, ki yi haƙuri kaɗan. Kwamanda na da ciki. In kin sa guba, kyanwa za ta ci mushen ɓera ta mutu, kuma ɓera ya fi ta saurin haihuwa."

"Kwamfuta naka yana cin wake?" in ji ta. "To ya yi shiru."

Amama ba ta da haƙuri, kowa ya sani. Ta hau mota zuwa kasuwar Circle, ta sayo maganin ɓera ta barbaɗa. Ɓeraye suka mutu, ta yi ta yi wa Basit dariya a waya. Sai Kwamanda ta kwanta bayan buhu, ba ta ƙara tashi ba. Ranar Amama ba ta ɗora tukunya ba, kuma ni da na zo sayen waakye na gan ta, na ji tausayinta ƙwarai.

Kafin azumi ɓeraye sun dawo, sun fi na da yawa. Basit ya leƙo ya tarar da ita a kan kujera a tsakiyar buhuna, da sanda a hannu.

"Maa, me kike yi?"

"Aikin Kwamanda," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Je ka sa ni a layin kyanwa."