Gwajin Saveta

Ilarie Buzatu maƙwabcina ne a Braila, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Duk layin Nea Ilarie muke ce masa, wato Kawu Ilarie. Ya ƙarar da ƙarfinsa a jiragen dakon hatsi da ƙarfe a kogin Danube, ya haura har Jamus, ya gangaro, ya sake haurawa, har gwiwoyinsa suka ƙi. Ba shi da kyau, ba shi da hira, in ya sha barasa ma shirunsa ƙaruwa yake yi. Abin kirkin da na sani nasa shi ne bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, kuma a layinmu ba kowace mace ce ta samu haka ba.

Matar tasa, Saveta, gajera ce mai baki. Tana da wani tari da ta kwaso a masaƙar da ta yi aiki: sau biyu a jere, sannan ɗan gyaran murya kamar mai shirin rera waƙa. Ta kan katanga nake jin sa safe da yamma. Duk dawowar da zai yi daga tafiya, a bakin ƙofa take tare shi.

"To, sarkin ruwa, yaushe za a kai ni in ga kogin nan naka? Ko sai na mutu?"

"Ga kogi can ƙarshen layi, je ki kalla."

"Wannan wutsiyarsa ce, tsohon banza. Kansa nake son gani."

Bai kai ta ba. 'Yarsu Rodika, wadda ke jinyar tsofaffi a Italiya, ita ce ta gaji da jin maganar ta kama musu ɗaki a jirgin yawon shaƙatawa da nake aikin gyaran ɗakuna a ciki. Tafiya biyu a jere ta biya musu: su haura zuwa Passau ta Jamus da ayari ɗaya, in waɗancan sun sauka su zauna a ɗakinsu su gangaro gida da sabon ayari. A shekarar da aka sake buɗe kogi ne bayan kullen korona.

Saura 'yan makonni a tashi Saveta ta kamu. Ta mutu a asibiti, babu kyandir a hannunta kamar yadda muke yi wa mai barin duniya, babu wanda ya yi mata wanka, babu wanda ya zauna gefenta. A akwati rufaffe aka miƙo masa ita. Na ɗauka maganar tafiya ta mutu tare da ita. Ranar tashi sai ga Nea Ilarie yana hawowa da akwatunan kaya biyu.

Ban san abin da ya faɗa musu a ofis ba. Abin da na sani, ba wanda ya cire sunanta daga katin da ke manne a ƙofar ɗakin.

Ɗakin yana cikin nawa. Da na shiga washegari na tarar ya lulluɓe madubi da zanen gado, ya ajiye kofin ruwa a bakin taga, ya rataye farin tawul kusa da shi. Ba sai an yi mini bayani ba. Kafin arba'in mamaci bai tafi ba, yana nan kusa da nasa, yana jin ƙishi, ya sha ya goge fuska. Madubi kuwa ana rufe shi don kada ya ga kansa ya rikice. Ranar arba'in a je kabarinsa da fada, limamin coci, a raba dafaffiyar alkama da gyaɗar Turawa, a sallame shi.

"Nea Ilarie, wannan a gida ake yin sa, ba a jirgin mutane ba."

"Gidan ba kowa. In bar ta da wa, da kyanwa?"

"Kai ka sani."

"Kar ki taɓa madubin nan, Profira."

"Wa ya ce maka ina marmarin ganin fuskata?"

Kullum da safe ruwan kofin ya ragu, shi kuma ya cika. Iskar na'urar sanyaya ɗaki tana busar da ruwa, na san wannan, na yi sakandare. Haka muka haura. Yana zaune a bakin taga yana faɗin sunayen garuruwa a hankali, irin yadda ake yi wa baƙo.

A Passau ne abin ya taso. Dokar lokacin ita ce duk wanda zai zarce tafiya ta biyu sai an gwada shi ranar sauyin ayari. Wanda aka samu da cutar, mota na jiran sa a bakin ruwa, a kai shi wani otal a killace, jirgi ya tafi ya bar shi. Masu zarcewa ba su da yawa, amma tun kwana biyu kafin mu isa kowa ya daina tari a gaban mutane. Akwai wata da ta riƙa shiga banɗaki don yin atishawa.

Nea Ilarie ya tare ni a lungu.

"Ranar da jirgin nan zai isa Braila, ranar ce arba'in ɗinta. In suka sauke ni a nan fa?"

"Sai ka yi kwanakinka ka hau jirgin ƙasa."

"Ita fa? Arba'in ya same ta a otal ɗin Jamusawa? Ko ruwa ba ta iya roƙa da yarensu ba. Ta ina za ta gane hanya?"



Nas ɗin da za ta yi gwajin daga gari aka turo ta, Bajamushiya, a naɗe cikin farar riga da takunkumi, ido kawai ake gani. Aiki ya yi mata yawa, ba ta shiga ɗakuna. Takan miƙa tsinken auduga da kwalbarsa daga ƙofa, mutum ya saka a hancinsa ya dawo mata da shi. Ina tsaye da keken zannuwana lokacin da ta iso ɗakinsa. Ta dubi katin ƙofa, ta ɗaga masa yatsu biyu. Ya waiwaya ya dubi taga, sannan ya gyaɗa kai.

Wani zai ce ƙarya ya yi. Mu ba haka muke gani ba. Kafin arba'in ba a cewa mamaci ba ya nan, balle a gabansa, yana ji. Ya karɓi tsinke biyu, ya tura ƙofa, ya dawo da biyu.

Da ta wuce na ce, "Na biyun hancin wa ka saka?"

"Ba na kowa ba. A kofinta na tsoma."

Bayan azahar manajan jirgi ya aiko a kira ni in yi tafinta, don ni ce mai ɗan Jamusancin makaranta a cikinmu. Muka tsaya a ƙofar ɗakin, shi da nas da ni. Ya ce in faɗa wa Malam Buzatu gwajinsa ya fito lafiya. Amma matarsa tana ɗauke da cutar, ta haɗa kayanta, mota na jira.

Na faɗa masa kamar yadda aka faɗa mini. Fuskarsa ta koma kalar toka. Ya dafa ƙofa.

"Ki ce masa ba inda za ta."

Na ja manaja gefe, nesa da ƙofar, na rage murya na ce matar ta rasu tun kafin mu taso. Ya juya ya faɗa wa nas. Nas ta fusata. Ta ce ai magana ta fito, tsohon ya saka tsinken biyu a hancinsa, ɗaya ya kama ɗaya bai kama ba, don haka shi ne mai cutar, shi zai sauka. Na ce a kofin ruwa ya tsoma. Ta ce ba ta zo jin tatsuniya ba. Na ce to ga hancin, ga hannunta, ta gwada da kanta.

Ta gwada. Ta tura tsinken har sai da hawaye ya zubo masa. Muka tsaya jira, ta tagar lungu ina hango motar a bakin ruwa, direba na shan taba. Ya fito lafiya. Ta sake, da ɗayan hancin. Lafiya. Sai ta ce ruwan famfo yakan ɓata gwaji wani lokaci, amma ba ta kalli kowa ba da take faɗa.

Sabon ayari ya fara hawowa, manaja ba shi da lokaci. Ya yanke: tsohon ya zauna, amma a killace a ɗakinsa har Braila. Ba ya fita, ba mai shiga, abinci a ajiye a ƙofa. In aka ji ko da tari ne, a sauke shi a tasha ta gaba. Da na fassara, Nea Ilarie ya ce, "Ki ce na gode." Tunda nake da shi ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba.

Muka gangaro. Ni ke ajiye masa tire. Ranar farko ya yi magana ta bayan ƙofa ya ce in riƙa sa cokali biyu. Na sa. Ba abin wahala ba ne.

Ranar da muka shiga matsatsin duwatsun nan na Ƙofofin Ƙarfe, da tsakar rana, duk fasinjoji sun hau sama ɗaukar hoto. Lungun ba kowa sai ni. Na sunkuya zan ajiye tire sai na ji tari a ciki. Sau biyu a jere, sannan gyaran murya. Na shekara fiye da talatin ina jin tarin nan ta kan katanga, ba zan ɓata shi da na namiji ba. Sai muryarsa, ƙasa-ƙasa:

"Sha ruwa mana. Ga dutsen da nake ba ki labari, ki duba."

Na ƙwanƙwasa. "Nea Ilarie, lafiya?"

"Lafiya lau. Ajiye ki tafi, uwar gulma."

Na ajiye na tafi. Doka ta ce in kai rahoton tari. Amma dokar tarin fasinja take nufi, kuma fasinjan da ke ɗakin ba shi ya yi ba. Ban faɗa wa kowa ba.

Mun isa Braila da hantsi. Aka sake gwada shi, lafiya. Ya buɗe ƙofa, ya matsa gefe ya riƙe ta na ɗan lokaci, sannan ya ɗauki akwatunansa biyu ya fita. Daga bakin ruwa maƙabarta ya wuce. Rodika na can tana jira da fada da kwanon alkama. An yi komai a ranarsa, yadda ya kamata.

Ni ban je ba, ina da ɗaki da zan gyara. Na yaye zanen daga madubi. Kofin ya bushe ƙarƙaf. Tawul ɗin da danshi. Na tattara na kai wanki.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya rufe ni. Aka gwada, aka samu. A tashar garin Vidin aka sauke ni, na yi killacewata a wani ɗaki mai kallon bango, ni kaɗai. A duk jirgin, ma'aikata da fasinjoji, ba wanda ya kamu sai ni. Nea Ilarie kuwa ko mura bai yi ba, a lokacin ko daga baya.

Da na dawo gida ya miƙo mini kwalbar zuma ta kan katanga.

"Ki yi haƙuri, Profira. Kin san halinta, komai ta samu sai ta raba da maƙwabta."

"Allah ya jiƙan ta. Ta gani dai ko?"

"Ta gani. Ta ce kan ma bai fi wutsiyar ba."

Ya yi 'yan shekaru bayan haka yana noman tumatir a bayan gida, ba ya zuwa ko bakin kogi. Bara ya faɗi a tsakanin kunyoyin, aka binne shi kusa da ita. Ni na riƙe masa kyandir. Tun ranar da jirgin nan ya iso ban sake jin tari ta katangar ba.