Na Kai Kumbo Minna

Tarihin ɗan Adam, in aka tace shi da kyau, tarihin mutum biyu ne da suka zauna a benci ɗaya a makaranta, ɗaya ya yi suna, ɗayan kuma ya san cewa shi ya fi cancanta. Saboda wannan ne na je Minna.

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da wani abokin aikina malamin lissafi da zai je gaishe da surukansa. Ni kuwa gayyata na amsa. Danjuma, wanda muka yi kwalejin horon malamai tare, ya buɗe baje kolin zane a unguwar Bosso da ke Minna. Irin zanen nan ne da ake yi kafin a ɗauki fim ɗin sararin samaniya, a nuna wa kafintoci da masu ɗinki yadda kumbo da birnin wata duniya za su kasance. Tun muna samari muke haukan waɗannan tsofaffin fina-finai. Mu fito daga silima mu zauna muna zana abin da muka gani, kuma duk ajinmu sun shaida nawa ya fi kyau. Yau shi ake kira, ni ina koya wa yara zana mangwaro. Don haka na naɗe wani kumbo da na shafe damina guda ina zanawa, na rungume shi. Burina a rataye shi a bangon nan, jama'a su yi hukunci da idonsu.

Hanya lafiya lau har Suleja. Daga nan manyan motoci suka karɓi mulki, ramuka suka zama 'yan majalisarsu. Direbanmu yana kauce wa rami kamar mai neman gafararsa. A Lambata muka tsaya, na ga doya tsibi-tsibi da arahar da ta sa na ji haushin kasuwarmu. Matan Gwari suna wucewa da kaya a kafaɗa, kai a sake, tafiya a natse. Abokin tafiyata ya saye doya har ta danne mana ƙafafu, sauran hanyar na yi ta da kumbo a ɗage bisa kai.

A unguwar Tunga, cikin Minna, muka rabu, na hau keke mai ƙafa uku. Direban ya dubi naɗin da ke hannuna ya ce, "Oga, wannan tabarma ne?" Na ce masa jirgi ne. Bai sake yi mini magana ba har Bosso.

Zauren ba wani babba ba ne, na lura da haka da jin daɗi. Sai dai cike yake da ɗaliban jami'a. A bango ɗaya an jera kwafin zanen Turawan da suka yi wa tsofaffin fina-finan aiki: biranen gilashi, hamada mai rana biyu, kumbo kamar an kifar da gari. A ɗaya bangon na Danjuma ne. Ya ɗauko manyan duwatsun ƙasar nan ya dasa su a wata duniya, ya sauke kumbo a tsakiyar gonar doya, ya rataye tashar jirgin ƙasa a cikin taurari. Na zagaya ina neman kuskure. Na sami wata inuwa da ta karkace, na daɗe a gabanta.

"Shugaban aji!" Danjuma ne, ya yi tumbi, ya yi furfura, dariyar dai tana nan. "Har yanzu kana hararar takarda kamar ta zage ka?"

"Ina duba inuwarka ne. Ranar taku daga ina take fitowa?"

"Rana biyu gare su, mutumina. Zo ka ci abinci."

Matarsa ta kawo sakwara da miyar agushi. Na so a ce ta yi gudaji. Ba ta yi ba.

Bayan mun wanke hannu na warware kumbona a kan tebur, kamar abin da na tuna da shi yanzun nan. Ɗalibai suka kewaye. Kowace ƙusa na zana ta, kowane bututu da inuwarsa, kuma babu mutum ko ɗaya a ciki, domin a ganina ɗan Adam ɓata takarda yake yi. Aka yi shiru irin wanda na daɗe ina jira. Sai wata ɗaliba ta ce, cikin ladabi, "Baba, injin markaɗe ne?" Na kusa da ita ya ce a'a, fitilar kwano ce ta zamani. Wani ya tambaya ko ana sa mata batir.

Danjuma bai yi dariya ba, wannan ya fi mini ciwo. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya ce, "Ka yarda?" Kafin in ƙi, ya sunkuya can ƙasa, kusa da ƙafar kumbon, ya zana wani ɗan mutum da bai wuce ƙwayar shinkafa ba, kansa a ɗage, hularsa na shirin faɗuwa. Nan take injin markaɗe ya fi dutsen Zuma girma. Na ga abin da idona. Ɗaliban suka ja da baya kamar zai faɗo musu.

"Haka masu aikin suke yi," in ji shi, ya nuna bangon Turawan. "Kafinta ba zai san girman abu ba sai an tsayar masa da mutum a gefe." Na duba. Kowane zane da ɗan mutuminsa a lungu. Shekara da shekaru ina kallon irin hotunan nan, kumbon kawai nake gani.

Da hannunsa ya rataye zanen a tsakiyar bango. Layi ya kafu, wayoyi suka fito. Na tsaya a gefe ina sauraro. "Dubi hularsa." "Kamar zai yi magana." Ba wanda ya ambaci bututu.

Washegari na tarar da abokin tafiyata a unguwar Barkin Sale, surukai sun ƙara masa doya. Muka kamo hanya, wannan karon hannuna sake, ramukan kuma ba su rage komai ba.

Tafiyar ta koya mini cewa girman abu ba ya bayyana sai an ajiye ƙarami a kusa da shi, kuma na shafe hanya ina lallashin kaina cewa a tsakanina da Danjuma an san wane ne kumbon. Na iso gida da wannan natsuwa. Jiya ya turo mini hoton bangon a waya. An liƙa sunayen masu zanen a ƙasan kumbon. Nasa ne a sama.