Faffaɗar Taya a Bakin Kanal

Ƙanena, autanmu, mutum ne mai son a gan shi. Shekarar da shinkafa ta yi masa kyau ya sayi 'yar ƙaramar mota, bai yi wata ba ya tafi Kano ya dawo da ita da wasu tayoyi fanka-fanka irin na motocin tsere. Rim ɗin kuwa, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, na asali ne, siriri. Sai tayar ta tsuke daga baki ta kumburo daga ciki, kamar an cusa ƙafar ƙato a takalmin yaro. Na ce masa abin nan bai yi mini ba. Ya yarda rim ɗin ya yi wa tayar kaɗan, zai nemi mai faɗi daga baya, amma in dai ta sha iska sosai, iskar ce ke danne bakinta a jikin ƙarfen. Har da tsokanata wai me mai sayar da atamfa ta sani game da taya.

Lokacin Inna, mahaifiyarmu, ta shekara da shanyewar ɓarin jiki. Ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Da aka yi rasuwa a danginta a wani ƙauye wajen Bunkure ta kafe sai ta je gaisuwa. Bayan azahar muka ɗauko ta daga Kura, muka zaunar da ita a baya ta hannun dama, ni na zauna bayan direba. Ƙanena, da yake shi ke tuƙi, ya ce titi zagaye ne, zai bi hanyar gefen kanal.

Hanyar nan jar ƙasa ce, iyakarta mota ɗaya, ga babban kanal a damanmu cike taf, ruwan yana gudu. Muka tarar da inda ruwan ban-ruwa ya ɓalle ya mai da hanyar taɓo. A wajenmu kowane direba ya san abin yi: a rage wa taya iska don ta shimfiɗu ta kama ƙasa. Ƙanena ya sauka da tsinken ashana yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ina jin hucin iskar nan na leƙo na tuna masa maganarsa ta ran nan. Ya ce kaɗan ya rage, in daina ɗaga wa Inna hankali.

Mun kai tsakiyar taɓon, ya ɗan karya sitiyari, sai muka ji fus daga baya. Tayar da ke ƙarƙashin Inna ce ta subuce daga rim. Bayan motar ya zame, ƙarfen ya nutse a gaɓar kanal, motar ta karkace. Ta gilashin Inna ban ƙara ganin gona ko sama ba, ruwa kawai nake gani.

Na yunƙura zan rungumo ta, motar ta ƙara yin ƙasa.

"Yaya, kada ki motsa," in ji ƙanena, ƙafarsa a kan birki. "Nauyinmu ne ke riƙe da ita."

Na manne da ƙofata, na miƙa hannu ɗaya na kama tsintsiyar hannun Inna. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Addu'ar da na haddace tun ina yarinya ta ɓace mini. Ina jin ƙasar gaɓar tana gutsurewa tana faɗawa ruwa, kowane gutsure sai motar ta ɗan yi ƙara. Abin da nake ta gani a raina shi ne mu biyu za mu iya faɗawa waje, ita kuwa ko ƙofa ba za ta iya buɗewa ba. Ita dai leɓenta ne kawai ke motsi.

Masu aiki a gonar tumatir suka hango mu suka sheƙo. Wani dattijo a cikinsu ya zagaya ya duba, ya ce babu hanyar fitar da tsohuwa sai ta ƙofata, don haka dole in fita tukuna. Na ce ba zan saki hannunta ba. Ya sa mazajen suka rataya a ɓangarenmu, wasu kan murfin injin, wasu sun riƙe rufin, sannan ya buɗe ƙofar a hankali.

"'Yar nan, sake ni ki fita," Inna ta ce. "Kina da yara."

Na sake ta. Har yau ban san yadda na yi ba. Ina sauka motar ta girgiza, mazajen suka yi salati suka danne. Dattijon ya shige rabin jikinsa, ya kama Inna ta hammata ya ja ta a kan kujera har waje, mayafinta ya maƙale a ciki.

Muka kwantar da ita a kan ciyawa. Ƙanena ya fito da rarrafe, ya durƙusa gabanta yana kuka yana neman gafara. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo gare ni.

"Ku tashi," ta ce. "Ai tun muna ciki na yafe muku ku duka, don ban ɗauka zan fito ba."

A nan na zauna daɓas a cikin taɓon.